Abin da ya sa Raba Wutar Lantarki da Hayaƙi ke da Wuya: Misali daga Yankin Lambara

Sa'ad da lantarki ya shigo ƙasar Hausa, Bahaushe bai wahalar da kansa wajen ƙaga masa suna ba. Ya ari kalmar Turawa ya lanƙwasa ta ta dace da harshensa, amma a maganar yau da kullum "wuta" kawai ya ke cewa: an kawo wuta, an ɗauke wuta, an zo karɓar kuɗin wuta. Sunan nan kuwa ya dace fiye da yadda mai faɗinsa ya ke zato. Gama wannan wuta da ba ta ƙauri a ɗaki, ba ta baƙanta rufi kamar aci-bal-bal, galibinta sai an ƙona wani abu a ke samun ta, sai dai ƙunar tana can nesa inda mai kunna ƙwai ba ya ganin hayaƙinta. A Nijeriya wajen kashi uku cikin huɗu na wutar da ke bin wayoyin ƙasa daga ƙona iskar gas a ke yin ta, sauran kuwa kusan duka daga madatsun ruwa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita waɗansu kalmomi. In na ce "babban layi", ina nufin dukan tashoshin da ke yin wuta, da wayoyin da suka haɗa su da juna da garuruwa tun daga Ikko har Sakkwato, waɗanda a ke sarrafa su daga Oshogbo kamar abu guda. In na ce "hayaƙi" kuma, nufina iskar kabon, wadda ido ba ya gani, wadda ke tashi duk inda aka ƙona gawayi ko mai ko gas, ta taru a sararin sama tana tsare zafin rana. A lura kuma da kalmar "gas". A tasha, in direban tirela ya ce gas, man babbar mota ya ke nufi. Wannan zan kira shi dizal, in bar sunan gas ga iskar da a ke haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa.

To, a watan Nuwamba na 1921 babu wanda ya damu da wannan hayaƙi, amma a watan Nuwamba na 2021, a taron duniya da aka yi a Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 Nijeriya za ta kai matsayin da hayaƙin da ta ke fitarwa ba zai ƙara kome a kan wanda ke sama ba. Wanda ya san garuruwan da ke kudu da birnin Sakkwato, irin su Boɗinga da Shagari da Lambara, zai ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Rana a wannan yanki tana zuba ƙarfin da ya kai wajen yunit 6 a kan ko wane murabba'in mita a yini, abin da ƙasar Jamus, wadda ta cika rufinta da farantan sola, ba ta samun fiye da rabinsa. Kuɗin yin wuta da hasken rana ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Ilmin abin ma ba baƙo ba ne a nan, domin tun 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, ta kuwa daɗe da gwada farantan sola a ƙauyuka irin su Kwalkwalawa. Ga rana, ga arha, ga masana. Me ya sa har yanzu abin da rana ke sa wa cikin babban layi bai taka kara ya karya ba?

Amsar da zan bayar ita ce, abin da ya riga zuwa shi a kan yi wa kome awo da shi. Wayoyi, da dokoki, da yarjejeniyoyi, da basussuka, da sana'o'in mutane, duk an yanka su daidai jikin tsofaffin injuna, sabon abu kuwa in ya zo sai ya tarar babu rigar da ta yi masa. Wani masani mai suna Gregory Unruh ya rubuta a kan wannan a shekarar 2000, ya kamanta shi da kulle: ƙasa takan kulle kanta cikin hayaƙi ba tare da wani ya yi niyyar haka ba. Bari mu ga yadda kullen ya ke daga inda mutumin Lambara ya ke tsaye.

Mu fara da waya. An kafa hukumar lantarki ta ƙasa a 1950, aka kafa ta madatsun kogin Kwara a 1962, aka gama madatsar Kainji a 1968, sa'an nan a 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA. Bayan Kainji sai Jebba a 1985 da Shiroro a 1990. Tashoshin gas kuma suka taso a kudu inda gas ɗin ya ke, su Afam da Ugheli da Sapele, da babbarsu Egbin kusa da Ikko, mai megawat 1,320. Da ya ke haka tashoshin suka zauna, haka aka ja wayoyi: daga kudu da tsakiya zuwa arewa, suna ƙara sirancewa suna tafiya. Mafi yawan wutar Jihar Sakkwato tana tasowa ne ta layin Kainji zuwa Birnin Kebbi, mai ƙarfin kilobolt 330, tafiyar fiye da kilomita 300. A Birnin Kebbi a rage ta zuwa 132 a miƙa Sakkwato, daga nan a rage zuwa 33, har ta iso taransifomar unguwa. Watau yankin Lambara yana can ƙarshen jela.

Wanda ya taɓa ganin hanyar ruwa a aikin noman rani ya gane wannan. Babbar hanya tana barin madatsa da faɗi, tana rarrabuwa, har ta zama 'yar lambatu a bakin gona. To, a ce yau an sami babban marmaro a bakin gonar nan, ana so a mai da ruwansa baya ya shayar da sauran ƙasa. Lambatun ba za ta ɗauka ba. Haka in aka gina tashar sola mai megawat 100 a ƙarshen jela, sai an sake waya mai kauri, an sake tashar rarrabawa, an sake na'urorin tsaro waɗanda aka saita su a kan cewa wuta gaba ta ke yi, ba ta komowa. Duk wannan kuɗi a kan sabuwar tashar a ke lissafa shi, sai ta fito da tsada. Tsohuwar tashar gas kuwa, wayarta gwamnati ta biya tun shekaru arba'in da suka wuce, ba mai tuna ta a lissafi.

Na biyu ya fi wannan wuyar gani, shi ya sa zan ɗan dakata a kansa. Babban layi ba rumbu ba ne, ba ya ajiya. Wutar da aka yi a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙa za a sha ta. Kuma wutar da ke cikinsa kai da komowa ta ke yi, sau 50 a ko wace daƙiƙa, dukan injunan ƙasar kuwa tilas su juya bisa wannan kiɗa guda, na Kainji da na Egbin ba mai riga wani. In masu sha suka yi yawa, kiɗan ya ja baya. In suka ragu, ya yi sauri. In ya kauce da yawa, injuna su kashe kansu don kada su lalace, ɗaya na bin ɗaya, shi ne a ji an ce babban layi ya faɗi. Abin da ke hana wannan faruwa ko wane lokaci shi ne nauyin injunan kansu. Ƙarfen da ke juyawa cikin injin gas ko na ruwa yana da nauyin tan da yawa, abu mai nauyi kuwa in ya ɗauki juyi ba ya tsayawa farat ɗaya. 'Yan daƙiƙun nan da ya ke ci gaba da juyawa su ne ke ba ma'aikatan Oshogbo da na'urorinsu damar gyara al'amari.

Farantin sola ba shi da abin da ke juyawa. Wutar da ya ke yi miƙaƙƙiya ce, sai inbata ta mai da ita mai kai da komowa, inbata irin ta yau da kullum kuwa sauraron kiɗan layi ta ke yi ta bi. 'Yar amshi ce, ba zabiya ba. In zabiya ta yi shiru, ita ma sai ta yi shiru, ko da rana na tsaka. Saboda haka masu sarrafa layin da ya riga ya raunana, wanda ya faɗi sau da yawa a 2024 kaɗai, ba su ɗokin a cika musu shi da 'yan amshi. Ga kuma zancen lokaci: an fi bukatar wuta daga magariba zuwa bayan lisha, daidai sa'ad da rana ta tafi. Ƙurar hunturu tana rufe faranti, zafin bazara kuma, in ya haura digiri 40 kamar yadda ya saba a Sakkwato cikin Afrilu, yana rage masa ƙarfi.

Duk waɗannan suna da magani. Akwai manyan batura, akwai kuma sabuwar inbata da ke iya ba da kiɗa da kanta. A kudancin Ostareliya an kafa batir mai megawat 100 a Hornsdale tun 2017, ya kuwa nuna yana iya tare layi da sauri fiye da inji. Mu ma muna da wani babban batir da ba mu kiransa da sunan, watau tabkin Kainji da na Jebba da Shiroro da Zungeru. Ana iya tsare ruwa da rana sa'ad da faranti ke aiki, a sake shi da dare. A ganina wannan shi ne wurin da tsohon abu zai fi taimakon sabo. Amma yin haka yana bukatar a sake dokar sarrafa layi, a kuma sake yadda a ke biyan masu madatsun, domin yanzu yawan wutar da suka tura a ke dubawa, ba sa'ar da suka tura ta ba.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi. Tashar gas tana da sauƙin ginawa, tsadarta a ciyarwa ta ke, kullum sai an saya mata gas. Tashar sola kuwa dukan kuɗinta a ranar farko a ke zubawa, bayan nan rana kyauta ce. Talaka ya san buhu ya fi mudu arha, amma mudu ya ke aunawa, don kuɗin buhu ba ya haɗuwa a hannunsa. Ƙasar da ke cin bashi da ruwa mai yawa haka ta ke. Mai ba da bashin kuma sai ya tambaya, wa zai sayi wutar, zai kuwa biya? Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya tsakanin 2013 da 2014, har da na Kaduna wanda ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuɗin da a ke tarawa daga masu shan wuta bai taɓa isa ya biya masu yin ta ba. A 2025 masu tashoshi suka ce bashin da su ke bi ya kai naira tiriliyan 4.

Ga misali biyu da ya kamata a ajiye su gefe da gefe. Tashar gas ta Azura, a Jihar Edo, mai megawat 461, ta fara aiki a 2018. Ta sami lamunin gwamnati da na Bankin Duniya, da yarjejeniyar shekara ashirin wadda ta ce a sha wutar ko kada a sha, za a biya, wajen dala miliyan 30 a wata. A watan Yuli na 2016 kuma, kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 za su gina tashoshin sola masu megawat 1,125 gaba ɗaya, yawancinsu a arewa, ɗaya a Jihar Sakkwato, waɗansu a Katsina da Jigawa da Bauchi da Kaduna. An yi ciniki a kan santi 11.5 ko wane yunit. Daga baya gwamnati ta ga farashin sola ya faɗi a duniya, ta nemi a koma santi 7.5, ta kuma yi nauyin hannu wajen ba da irin lamunin da ta ba Azura, don ta ɗanɗani nauyinsa. Ko ɗaya daga cikin tashoshin nan ba a gina a kan wannan yarjejeniya ba. Ban ce gwamnati ba ta da hujja ba, tana da ita. Amma mai karatu ya lura da yadda abin ya kasance: wanda ya riga shiga ya cinye lamunin, ya kuma bar tsoro a ƙofa ga wanda ke biye. Sai a watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso ta Kano, aka ce ita ce mafi girma a kan babban layi a lokacin. Megawat 10, a layin da ke ɗauke da dubu huɗu zuwa biyar.

Jihar Sakkwato ita ma ta gwada sa'arta. A 2008, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, aka ba da kwangilar tashar wuta ta jiha, wadda aka ƙarasa tsara ta a kan megawat 38, ta ƙona dizal ko gas, a garin da bututun gas bai iso ba. Aka shafe fiye da shekara goma ba ta fara ba jama'a wuta ba. Adalci shi ne a tuna cewa a 2008 sola tana da tsada ƙwarai. Sai dai abin da aka zaɓa shi ne abin da injiniyoyi da 'yan kwangila da masu ba da bashi suka riga suka sani, kuma da zarar an zuba kuɗi a ciki, ko wace gwamnati ta zo sai ta ga ƙarasa shi ya fi sauƙin bayani a kan watsar da shi.

Sanin nan na mutane shi ma kulle ne, har ya sauko ƙasa. Wani ƙiyasi na 2019 ya ce akwai ƙananan janareta masu shan fetur wajen miliyan 22 a Nijeriya, ƙarfinsu in an haɗa ya ninka na babban layi sau da yawa. Wannan shi ne layi na biyu, wanda ba a zana shi a taswira ba. Injin niƙa, da injin ban ruwa a fadama, da na mai walda, da na mai cajin waya, duk nasa ne. A ko wace kasuwa akwai bakanike da zai kwance janareta ya ɗaura kafin la'asar, akwai mai kayan gyara, akwai ɗan bumburutu da galan a bakin hanya. Inbata kuwa in ta ƙone a ƙauye, sau da yawa sai an kai ta birni. Manomin albasa da ke tsoron gonarsa ta kwana uku ba ruwa yana da dalilin riƙe injin da ya san mai gyaransa. A sama kuma, gwamnati da kanta mai sayar da mai da gas ce, daga nan ta ke samun mafi yawan kuɗin waje.

Mai nazarin harshe ba zai yi mamakin wannan ba. An soke sunan NEPA tun 2005, aka kawo PHCN, ita ma ta tafi, amma har yau in ƙwai ya kama yara "NEPA" su ke kira, yaran da aka haifa bayan rasuwarta. Kalmar da ta riga kama wuri ba a tumɓuke ta da sanarwa.

Kada a ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Ingila ta kunna tashar gawayi ta farko a London a 1882, ba ta kashe ta ƙarshe ba sai ran 30 ga Satumba 2024, shekara 142 ke nan. Jamus tana da iska mai yawa a arewa, masana'antu a kudu, ta kuwa yi shekaru tana fama da jan wayar da za ta haɗa su. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda tun 1976 su ke shan wutar Kainji ta layin Birnin Kebbi, sun gina tashar sola mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da mai megawat 30 a Gorou Banda a 2023, amma gawayin Anou Araren da injunan dizal suna nan suna aiki. Da Nijeriya ta yanke musu wuta a watan Agusta na 2023, injunan mai suka fi ɗaukar nauyin.

Akwai masu cewa duk wannan zance bai shafe mu ba. Hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa daga ƙona mai da gas bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba, mutum fiye da miliyan 80 ba su da wuta sam, gas kuwa hayaƙinsa wajen rabin na gawayi ne, ga shi ma ana ƙona shi a banza a bakin rijiyoyin mai. Maganarsu tana da ƙarfi, ni ma ban ga yadda za a tsai da layin nan gobe ba tare da gas ba. Inda na ke jin tsoro shi ne tsawon rai. Egbin ta shekara arba'in tana aiki. An ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a watan Yuni na 2020, a 2023 kuma aka aza harsashin wata babbar tashar gas a Gwagwalada. Tashar da aka gama a waɗannan shekaru, in ta yi kwanan Egbin, za ta wuce 2060 tana ƙuna, bashinta da yarjejeniyarta kuma za su riƙa neman a ciyar da ita. Wanda ke yanke shawara yau, har ta jikokinsa ya ke yankewa.

A halin nan rana ta sami wata ƙofa. Da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, sai faranti ya fara hawa rufin shaguna da masallatai da asibitoci da rijiyoyin burtsatse, har da bakin fadama. Duhun da ya rufe yawancin jihohin arewa kwanaki da dama a watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya ƙara tura mutane. Wannan abin murna ne, amma yana da ƙaya. Wanda ke iya sayen faranti da batir shi ne wanda dā ke biyan kuɗin wuta a kan kari. In irinsa suka janye, kamfanin rarrabawa ya ƙara talaucewa, kuɗin sake waya da taransifoma ya ƙara nisa, a bar marasa hali a kan tsohon layi da tsohon gas.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ƙa'idojin hukumar NERC kuma sun yarda a kafa ƙaramin layi na gari guda, ko shi kaɗai ko a jone da wayar kamfani. Gari kamar Lambara irin wannan zai fi saurin isa gare shi: faranti da batir su riƙe kasuwa da famfo da asibiti da rana da farkon dare, wayar Birnin Kebbi ta cike sauran. Abin da za a zauna a yanke tsakanin jiha da kamfanin Kaduna da mai zuba jari shi ne wa ke da wayoyin cikin gari, nawa za a biya kamfani kuɗin aronsu, da kuma farashin da za a sayi rarar wutar tsakar rana in ta nemi komawa baya ta layin 33.